Muhawara: a kundin rok mai nauyi da metal na 1980, wanne ne a gaba?

Baba Audu Mai Faifai: Salamu alaikum jama'a. Bari mu jera kundin 1980, don shekara ce da aka yi ruwan faya-fayai. A watan Afrilu kaɗai Black Sabbath sun fitar da Heaven and Hell, Judas Priest sun fitar da British Steel, Iron Maiden sun fitar da kundinsu na farko. Sharaɗi biyu: kundin situdiyo kawai, ban da na dandali, kuma ranar da ya fara fita a ko'ina ita ce shekararsa. Nawa jerin: 1. Heaven and Hell, 2. Back in Black na AC/DC, 3. British Steel, 4. Ace of Spades na Motörhead, 5. Blizzard of Ozz na Ozzy Osbourne. Duk wanda ya kawo jeri ya kawo hujja, kada a ce "ya fi daɗi" a tsaya.

Ɗanjuma: Wa alaikumus salam Baba, Allah ya ƙara girma. Blizzard of Ozz ba na 1981 ba ne? Haka nake ganin an rubuta a wurare da yawa.

Baba Audu Mai Faifai: A Amurka ne ya fita a Maris 1981. A Ingila tun Satumba 1980 kamfanin Jet ya sake shi, don haka yana cikin lissafi.

Injiniya Nura: Baba, ranka ya daɗe, zan sauya maka na ɗaya da na biyu, kuma hujjata tana cikin amon kansa. An ɗauki Back in Black a situdiyon Compass Point da ke Nassau a Bahamas, tsakanin Afrilu da Mayu, Mutt Lange ne furodusa, Tony Platt ne injiniya, aka je Electric Lady a Niyok aka haɗa sautin. Mawaƙinsu Bon Scott ya rasu ranar 19 ga Fabrairu, kundin ya fito 25 ga Yuli da sabon mawaƙi Brian Johnson. Wata biyar ke nan da 'yan kwanaki.

Ku sa abin ji na kunne ku kunna waƙar da aka sa wa kundin sunanta. Jitar Malcolm Young tana kunnen hagu, ta Angus tana dama, bes, wato jita mai kaurin sauti, da gangar ƙafa da murya suna tsakiya. Abin da mutane ba sa lura da shi: jitocin nan ba su da gurzar amo mai yawa. An ɗaga ƙarar amfilifayar Marshall ne har ta soma ɗan kakkarya sauti, aka tsaya nan. Shi ya sa idan aka kaɗa tsirkiya biyar a tare kana jin kowacce daban. Sannan shirun da ke tsakanin bugu da bugu. Haɗin sauti na E, shiru, D sau uku, shiru, A sau uku, shiru. A cikin shirun nan gangar Phil Rudd take samun wurin zama, kana jin fatar ganga da ɗakin da aka buga ta. Nauyin kundin daga nan yake fitowa. Har yau masu haɗa lasifikun manyan taruka suna gwada kayansu da shi, don idan akwai matsala a tsakiyar sauti nan take za ta tona kanta.

Sani Jita: Injiniya ya faɗi gaskiya, kuma nan ne masu koyo suke ɓata rif ɗin, wato guntun karin jita da ake ta maimaitawa. Yaro zai murɗa gen, wato maɓallin gurzar amo, har 10, ya buga E, sai amon ya ci gaba da kuka ya cike gurbin shirun, waƙar ta mutu. Gyaran: a mayar da gen wajen 3 ko 4, a ƙara ƙarar amfilifaya, a bugi tsirkiya da ƙarfin hannu. Bayan kowane bugu a kwantar da gefen tafin hannun dama a kan tsirkiyoyi, a sassauta yatsun hagu lokaci guda. Hannu biyu ne suke kashe amon, ɗaya ba ya isa. Malcolm kuma jitar Gretsch yake kaɗawa wadda ya cire mata fikof biyu, wato abin da ke ɗaukar amon tsirkiya, ya bar ɗaya, da tsirkiyoyi masu kauri, daga lamba 12 zuwa 56. Da sirara 'yan 9 idan ka yi irin bugunsa sautin zai karkace sama kafin ya dawo daidai.

Baba Audu Mai Faifai: Duk na yarda. Amma Injiniya, amo kake aunawa, ni kuwa waƙa nake aunawa. Ɗauki gefen farko na Heaven and Hell: Neon Knights, Children of the Sea, Lady Evil, sai ita kanta Heaven and Hell. A ina za ka samu gefen faifai irin wannan a shekarar? Ka tuna halin da ƙungiyar take ciki. An kori mawaƙinsu Ozzy a 1979, kundi biyu na baya sun yi rauni, mai bes Geezer Butler ma ya ɗan fice kafin ya dawo. Ronnie James Dio ya zo daga Rainbow ya sauya yadda ake ɗora murya. Ozzy yakan bi rif ne sau da ƙafa, inda jita ta hau ya hau, inda ta sauka ya sauka. Dio kuwa yana ratsa rif da nasa karin, ya ja wasali ya tsallake inda jita ta tsaya. Wannan ya ba mai jita Tony Iommi damar rage bugu ya bar fili. Saurari baitin farko na Heaven and Hell: bes da ganga ne kawai suke tafe, jita ta yi gum, murya tana yawo a sama. Da jitar ta dawo sai ka ji kamar an buɗe ƙofar ƙarfe. Furodusa Martin Birch ya ɗauki yawancin kundin a Criteria da ke Miyami, aka ƙarasa a situdiyon Ferber a Faris, inda aka yi Neon Knights a ƙarshe.

Rakiya: Baba, gefen farko babu gardama. A juya faifan fa? Die Young tana da ƙarfi, Lonely Is the Word tana da solo mai tsawo mai kyau, wato wurin da jita take jan kiɗan ita kaɗai. Amma Wishing Well da Walk Away cike gurbi ne, musamman Walk Away da ta yi kama da waƙar rediyon Amurka. Waƙa 2 cikin 8 rubu'in kundi ke nan. A Back in Black waƙa 10 ne, mafi rauni a ganina Let Me Put My Love into You, ita ma ba a tsallake ta. Idan kundi muke aunawa gaba ɗayansa, dole a lissafa inda ya yi sanyi.

Baba Audu Mai Faifai: 'Yata, na ba ki Walk Away. Wishing Well kuwa koma ki bi bes ɗin Geezer kawai, ki ƙyale sauran. Yatsunsa ba su zauna wuri ɗaya ba daga farko har ƙarshe.

Sani Jita: Ƙarin bayani kan amon Iommi a wannan kundi. An sassauta tsirkiyoyi da rabin mataki ne kawai, zuwa E mai faɗuwa. A kundinsu Master of Reality na 1971 ya sauka har mataki ɗaya da rabi. Dalilin sassautawar tun asali shi ne kan yatsunsa biyu na hannun dama da inji ya datse a masana'antar ƙarfe a Birmingham yana ɗan shekara 17. Bahago ne, da wannan hannun yake danna tsirkiya, sai ya riƙa sa hulunan roba a yatsun yana amfani da tsirkiya sirara. Wanda ya bi waƙoƙin 1980 da saitin 1971 zai ji sun yi laka, Neon Knights ba za ta yi gudu ba.

Malam Isuhu: Kun bar jaki kuna dukan taiki. Tambayar ta haɗa da metal, kuma kundin da ya yanke wa metal cibiya daga bulus, kiɗan baƙaƙen Amurka da rok ya samo asali daga gare shi, a 1980 shi ne British Steel. AC/DC rok ne mai tushen bulus, su da kansu haka suke kiran abinsu. A British Steel waƙa 9 ne cikin minti 36 ko kusa, an zubar da dogayen sassan da Priest suke yi a kundinsu na baya Sad Wings of Destiny da Stained Class. Breaking the Law minti biyu da rabi ce, ko solo babu. Sabon mai ganga Dave Holland ba ya ado irin na Les Binks, bugu yake a miƙe kamar guduma, jitocin Glenn Tipton da K.K. Downing suna datse sauti da tafin hannu a tare. Wannan tsarin ne ƙungiyoyin shekarun 1980 suka ɗauka. Saurari Rapid Fire, za ka ji inda metal mai gudu ya samo hanya.

Wurin ɗauka ma abin lura ne. Tittenhurst Park, gidan Ringo Starr na ƙungiyar Beatles wanda a da na John Lennon ne, Tom Allom yana furodusa. Lokacin na'urar ɗebo sauti ba ta yaɗu ba, da hannu ake yi. Takun ƙarfen da ake ji a ƙarshen Metal Gods cokula ne da wuƙaƙen cin abinci a faranti ake girgizawa gaban makirufo, a ɗora ɗauka kan ɗauka. Fashewar gilas a Breaking the Law kwalaben madara ne aka farfasa, jiniyar 'yan sanda kuma Downing ne ya yi ta da sandar lanƙwasa sautin jitarsa.

Injiniya Nura: Madalla Malam. Tunda an zo kan amon da aka yi da hannu, ƙararrawar da ta buɗe kundin Back in Black ma tana da nata aikin. Platt ya fara zuwa hasumiyar tunawa da mazan jiya a garin Loughborough na Ingila don ya ɗauki ƙararrawar can, amma duk bugun da aka yi sai tattabaru su tashi, fukafukansu su shiga makirufo. Sai aka koma maƙerar John Taylor a garin, inda ake zuba wa ƙungiyar tata ƙararrawar ta tagulla mai nauyin kusan tan ɗaya, aka kawo situdiyon tafi-da-gidanka aka ɗauka a can. Daga baya aka rage gudun tef ɗin don amon ya yi zurfi kamar na wadda ta fi ta girma.

Amma Malam, waƙar United ta British Steel fa? Amshi ne na filin ƙwallo, kuma a bugun Ingila ita ce ta rufe gefen farko.

Malam Isuhu: United ita ce raunin, ban musa ba. The Rage ta biya bashinta, da wannan buɗewar bes ta Ian Hill mai ɗanɗanon rege. A kula kuma da jerin waƙoƙin: bugun Ingila da Rapid Fire yake farawa, na Amurka da Breaking the Law. Ku nemi jerin Ingila, ko da yake a duka biyun Rapid Fire tana zubawa cikin Metal Gods ba tare da numfashi ba.

Ɗanjuma: Manya, a yi mini afuwa, amma babu wanda ya sa Iron Maiden ko a na biyar. Kundin farko ne, ya kai na 4 a jadawalin Ingila, kuma Phantom of the Opera ta wuce minti 7 da sauyin gudu iri-iri. A cikin sababbin ƙungiyoyin da mujallar Sounds ta yi wa laƙabi da sabon yayin metal na Birtaniya a 1979, wa ya rubuta irinta?

Injiniya Nura: Ƙanena, waƙoƙin ba su da laifi, ɗaukar ce ta cuce su. A Kingsway da ke Landan aka yi shi cikin kwana 13, da furodusa Will Malone wanda mai bes Steve Harris ya sha faɗin cewa bai damu da aikin ba. Jitocin Dave Murray da Dennis Stratton sirara ne, babu tsoka a ƙasan tsakiyar sauti, ganguna kuma kamar a kwali. Kunna Prowler, ka bi ta da kowace waƙa a Killers na 1981 da Martin Birch ya yi, ƙarar duka biyun daidai. Za ka ji abin da aka rasa.

Rakiya: Ni kuwa wannan siranta ta yi wa bes alheri. Harris an san shi da Fender Precision da tsirkiyoyi masu santsin jiki, yana kwantar da su kusa da wuyan jita har suna dukan ƙarafan wuyan, wannan ƙaras-ƙaras ɗin da ake ji ke nan. Da yatsa biyu yake yi, sukuwar dokin nan ta bugu ɗaya dogo biyu gajeru. Mai koyo yakan sa ƙarfi, hannu ya gaji kafin minti biyu. A sassauta bugu, a bar amfilifaya ta yi ƙarar. Muryar Paul Di'Anno mai kaushi kuma ta dace da amon titi irin wannan. Ina sa shi na 4. A lura Sanctuary ba ta cikin bugun Ingila na asali, daga baya aka riƙa haɗa ta.

Na ɗayana dai Ace of Spades ne, kuma saboda bes ne. Lemmy, mawaƙin Motörhead, ba ya kaɗa bes ɗinsa ƙirar Rickenbacker kamar mai bes. Ya fara da jita ne, don haka yana haɗa tsirkiya biyu ko uku a tare, yana barin ɗaya a sake tana gunji. A Marshall ɗinsa yakan kashe ƙasa da sama ya buɗe tsakiya gaba ɗaya. Sakamakon haka ƙasan sauti ya zama fili, gangar ƙafar Phil Taylor ce take riƙe shi ita kaɗai. Mutum uku ne amma kamar biyar. Vic Maile, a situdiyon Jackson's da ke Rickmansworth, shi ya raba wannan hayaniya har ake jin solo ɗin mai jita Eddie Clarke da kalmomin Lemmy sarai, abin da bai fito haka ba a Bomber, kundinsu na baya. Waƙa 12, babu mai jan ƙafa.

Sani Jita: Anti Rakiya, matsalar Ace of Spades ita ce bayan waƙa ta bakwai kunne yakan gaji, don gudu ɗaya ne da launi ɗaya, sai The Chase Is Better Than the Catch ta ɗan sauke shi. Ta fuskar jita kuwa babu kundin da ya kai Blizzard of Ozz a shekarar. Randy Rhoads, mai jitar Ozzy, ya shigo da darasin kiɗan gargajiyar Turai cikin rok. Rif ɗin Crazy Train yana F mai hawa ƙarami, baiti ya koma A babba, duhu ya juye haske cikin daƙiƙa kaɗan. A Ridge Farm, tare da injiniya Max Norman, yakan kaɗa solo ɗaya sau biyu ko uku daidai wa daida, a raba hagu da dama da tsakiya. Wannan yana nufin solo ɗin rubutacce ne, an haddace shi. Saurari na ƙarshen Mr. Crowley da abin ji na kunne, za ka ji 'yar tazarar da ke tsakanin ɗaukar, ita take ba shi faɗi. Dee kuma ba ta kai minti ɗaya ba, jita ce mara lantarki da ya yi wa mahaifiyarsa. Ya rasu a hatsarin jirgin sama a Maris 1982, kundin situdiyo biyu kawai ya yi da Ozzy.

Baba Audu Mai Faifai: Gargaɗi ga mai neman Blizzard: ku guji bugun 2002. Saboda shari'ar kuɗi da Bob Daisley da Lee Kerslake, an goge bes da gangunansu aka sa Robert Trujillo da Mike Bordin suka sake kaɗawa a ƙarƙashin jitar Rhoads. Gwanaye ne, amma jitar an kaɗa ta ne tana bin numfashin wasu mutane daban, sai zaman ya ƙi. A bugun 2011 aka mayar da na asali. Duba shekarar da ke jikin kundin kafin ka yanke hukunci.

Ɗanjuma: Baba, wata tambaya. Alamar yatsu biyu da Dio yake ɗagawa, wasu suna cewa ta shaiɗan ce.

Baba Audu Mai Faifai: Shi dai abin da ya faɗa, daga kakarsa 'yar Italiya ya gani, tana yi don kare kai daga kambun baka. Ozzy alamar zaman lafiya yake ɗagawa a dandali, Dio ya so tasa daban da ya gaje shi, a rangadin wannan kundin ta bazu. Batun kalmomin wasu waƙoƙin kuwa, akwai na shaye-shaye da na batsa a Back in Black da Ace of Spades, wannan a fili yake, kuma mai sauraro yana da damar ya sauke kundi a jerinsa saboda haka.

Malam Isuhu: Kada a rufe ba a ambaci na ƙasa ba. Saxon daga Barnsley kundi biyu suka fitar a shekarar, Wheels of Steel da Strong Arm of the Law, kuma suna cikin waɗanda suka hau dandalin Monsters of Rock na farko a Donington ranar 16 ga Agusta, tare da Rainbow da Priest da Scorpions. Sai Diamond Head da Lightning to the Nations, wanda suka buga da kansu a farin kwali babu hoto, suna sayarwa a wurin wasa da ta gidan waya. Am I Evil? da Helpless da The Prince duk daga nan Metallica suka ɗauko. Idan tasiri ne ma'auni, yana cikin biyar.

Injiniya Nura: Women and Children First na Van Halen ma ya cancanci a saurare shi da kyau. Abin da ya buɗe And the Cradle Will Rock ba jita ba ce, fiyanon lantarki ne na Wurlitzer aka bi da shi ta fedar MXR mai sauya amo zuwa Marshall. Permanent Waves na Rush ya fito a Janairu, amma ni ba na sa shi a wannan rukuni.

Ga yadda za a gwada kafin kowa ya kawo jerin ƙarshe. Kada a yi da lasifikar waya, ba ta fitar da ƙasan sauti kuma tana cakuɗa hagu da dama, Malcolm da Angus su zama mutum ɗaya. A kashe duk wani ƙarin bes a manhaja. A daidaita ƙara da kunne tsakanin kundi biyu, don wanda ya fi ƙara ko da kaɗan ne yakan yi kamar ya fi kyau, kuma yawancin sababbin bugun da aka sake gyarawa an matse su sun fi na da ƙara. Mai faifan roba kuma ya tuna waƙar ƙarshe a kowane gefe tana kusa da tsakiya, inda allura take bin gajeriyar hanya a kowane zagaye, saman sauti yakan dushe, simbal ya yi tsaki. Steeler da Lonely Is the Word duk a nan suke zaune, kada a ɗora musu laifin allura.

Nawa: Back in Black, British Steel, Heaven and Hell, Blizzard of Ozz, Ace of Spades.

Rakiya: Ace of Spades, Back in Black, Heaven and Hell, Iron Maiden, British Steel.

Malam Isuhu: British Steel, Heaven and Hell, Lightning to the Nations, Ace of Spades, Wheels of Steel. Back in Black na ajiye shi a rukunin rok, can shi ne na ɗaya.

Baba Audu Mai Faifai: Malam Isuhu, ba a yi sharaɗin raba rukuni ba, sai ka nema masa gurbi a cikin biyar ɗin ko ka faɗi wanda ya fi shi da hujja. Ni Heaven and Hell yana nan inda na sa shi. Injiniya, kunna Children of the Sea, ka tsaya daidai inda jita mara lantarki take ƙarewa, Bill Ward ya shigo da ganga. Auna mini wannan wurin da ma'aunin shirun da ka auna AC/DC da shi, ka dawo mu ji.